Ranar da Baba Ya Shiga Gwangwani

Surukina ya rantse a gaban mutane cewa ƙafarsa ba za ta taɓa shiga motata ba. A ƙofar gidansa da ke Makera ya yi rantsuwar, ranar Lahadi bayan an taso daga coci. Ni kuwa na kawo motar ne ya sa mata albarka. Ina tsaye ina kaɗa makulli a yatsa, matata na gefe da goyo tana murmushi, yaran layi sun kewaye mu suna leƙa fuskokinsu a madubi.

Baba ya fito bai ko cire kwat ɗin coci ba. Ya zagaya motar a hankali, hannuwansa a baya, kamar likita a ɗakin marasa lafiya. Ya lanƙwasa yatsa ya ƙwanƙwasa ƙofa. Ya kasa kunne. Ya sake ƙwanƙwasawa.

"Ina kuka juye madarar?" in ji shi.

Na ce, "Wace madara, Baba?"

"Wadda ke cikin gwangwanin nan, kafin ku sa masa taya."

Layi ya ɗauki dariya. Ni ma na yi, don ba a barin suruki ya yi dariya shi kaɗai. Sai ya juya wajen 'yarsa ya ce, "Ke kam mijinki ne, dole ki shiga. Ni kuwa, ranar da kuka gan ni a cikin wannan abin, ku kira fasto, gawata ce aka ɗauko." Daga ranar sunan motata ya zama Gwangwani, daga Makera har Kakuri. Albarkar da na je nema ke nan.

Bari in faɗi abin da ya sa Baba ya yi haka, kada a ɗauka mugun mutum ne. A shekarun nan na tamanin, a kudancin kogi, in aka ce mota to ta Faransa ake nufi. A nan Kakuri ake harhaɗa ta, a wani ƙaton kamfani da kusan kowa ke da ɗan'uwa a ciki. Ita manyan gwamnati ke hawa, ita 'yan tasha ke yi wa lodi, ita ake kai gawa gida da ita. Baba kuwa a can yake aiki, a sashen fenti. Duk motar da ta wuce tana sheƙi sai ya bi ta da ido ya ce, "Ta bi ta hannuna," ko da ba ta bi ba. Yana da tasa, fara, mai dogon baya, wadda yake gogewa kafin ya wanke fuskarsa. Kayan Japan kuwa, a bakin mutanenmu na lokacin, rediyo ne da agogo da tocila, abin da za ka saya yau ka yar gobe.

Ni kuma masaƙi ne. A ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri nake, a ɗakin da injina ke ruri har sai ka koyi karanta magana a leɓen mutum. Karatuna bai wuce aji uku ba, na ukun ma rabinsa a kan mangwaron hedimasta na yi shi. Baba ya ba ni 'yarsa ne don ta kafe, ba don ya hango wani abu a jikina ba. In ana taron 'yan garinmu, yakan nuna ɗaya surukin nasa, akawu a Barnawa, ya faɗi sunansa da ofishinsa da matakinsa. In ya zo kaina sai ya ce, "Wannan kuma na babbar ne." Shi ke nan. Na babbar, kamar akwati.

To me ya kai masaƙi sayen motar Japan a garin motar Faransa? Injin saƙa ne ya kai ni.

A masaƙarmu akwai Japanawa. Ɗaya daga cikinsu, wani gajere mai hular kaki, shi ke zagaya injina. Hausarsa ba ta wuce sannu, da kyau, babu kyau ba, kuma da su yake mulkin ɗaki guda. Wata rana ya same ni ina gyangyaɗi a tsaye, sana'ar da na ƙware a kanta fiye da saƙar. Na ce yau kora ta zo. Sai kawai ya sa yatsa ya tsinke zare ɗaya cikin tarin zaren da ke miƙe a kan injina. Inji ya tsaya cak, ba wanda ya taɓa shi. Na san yana yin haka, kullum ina gani, amma ban taɓa kawowa a raina cewa wani ne ya zauna ya yi tunanin abin ba. Ya nuna injin ya ce, "Da kyau." Ya nuna ni ya ce, "Babu kyau." Sannan ya ja ni bakin taga, ya nuna wata 'yar mota da aka faka a ƙarƙashin dalbejiya, ya sake nuna injin, ya haɗa yatsunsa biyu.

"Uba ɗaya," ya ce, da wata 'yar Hausar da ban san yana da ita ba.

A wurin cin abinci wani tsohon mai gyaran injina ya ƙarasa mini labarin yadda shi ma ya ji shi. Wai mutumin da ya kafa gidan da ke ƙera injin da motar ɗan kafinta ne a wani ƙauye, ya tashi yana kallon uwarsa tana saƙa da hannu har bayanta ya lanƙwashe. Ya yi ta ƙwaƙule-ƙwaƙulen katako, 'yan ƙauye na cewa ya taɓu, har ya ƙera injin da ke tsayar da kansa in zare ya tsinke, don kada ya saƙa yadi mai aibi. Ɗansa ne ya tashi ya ce shi mota zai yi. Aka yi musu dariya, wai masaƙa sun shiga abin da ba nasu ba. Motocinsu na farko ma an ce sun sha zagi a ƙasashen Turawa. Suka koma gida suka gyara, suka dawo. Aka sake zagi, suka sake gyarawa.

Ban san ko duka gaskiya ne ba, amma labarin ya shige ni. Na ce a raina, ashe an yi masaƙin da aka yi wa dariya kafin ni. Kuma mutumin da ya ji kunyar zare ɗaya ba zai ƙera motar da za ta kunyata ni a hanya ba. Iyakar ilimin da na sayi mota da shi ke nan. Da wani Ba'indiye malamin sakandare zai koma ƙasarsu ya sa tasa a kasuwa, kwasar adashina ta zo daidai, na sayar da babur ɗina na cika. Tuƙin ma bayan na saya na koya, a filin ƙwallon Makera, inda na kwantar da turken gola ɗaya da har yau ba a san wanda ya yi ba.

'Yar ƙarama ce, ruwan ƙwai wanda rana ta cinye. In ka rufe ƙofa sai ka ji kamar an yar da faranti. A nan kam Baba bai yi ƙarya ba. Amma da safe, in na murza makulli, kafin in saki ta tashi.

Wannan ma sai da ya jawo mini magana. A layinmu duk mai mota, da safe sai ya ɗaga bonet, ya zuba ruwa a lagireto, ya zaro sandar mai ya goge, ya tsaya yana kallon inji yana gyaɗa kai, maƙwabta su zo su taya shi kallo. Nan ake hira, nan ake sanin su wa ke nan maza. Ni ba ni da abin dubawa. Ruwan da Ba'indiye ya bar mini yana nan inda yake. Da na ga ana barina a baya sai ni ma na fara ɗaga nawa, in taɓa wannan waya, in hura waccan, in ce, "Hmm."

Makaniken layinmu, wani ɗan Ibo mai faɗin ƙirji da ke da rumfa a Kakuri, ya daina amsa gaisuwata. Na tare shi na ce, "Oga, lafiya?"

"Kai za ka faɗa mini," ya ce. "Wa yake taɓa maka mota? Ka samu sabon makanike a Sabon Tasha, ko? Ni ban iya ba?"

"Allah ya gani, ba wanda ya taɓa ta."

"Tun daminar bara?"

"Tun daminar bara."

Ya dube ni, ya dubi motar. "Wannan mota ba ta da kirki," ya ce. "Ba ta san mutum yana da yara ba." Daga nan nake kai masa ita jefi-jefi ya canza baƙin mai, ya ɗaɗɗaure abin da bai kwance ba, saboda zumunci.

Baba kuwa ya riƙe rantsuwarsa da hannu biyu. In na faka kusa da tasa, sai ya matsar da tasa. Akwai ranar da tasa ke wurin gyaran birki, na hango shi yana takawa daga Kakuri, rana na dukan ƙeyarsa. Na rage gudu na sauke gilas.

"Baba, in rage maka hanya."

Bai juyo ba. "Motsa jini nake."

Ni kuma na bi shi a baya a giya ɗaya, ina gaisawa da mutanen hanya, har ƙofar gida, don kada wani abu ya same shi. Matata ta yi kwanaki ba ta kula ni ba. Da ta buɗe baki sai ta ce, "Kai da Baba duk ɗaya kuke. Shi tsufa, kai rashin kunya." Amma na lura da wani abu: duk ranar da za mu gidansu, sai ta ce in faka a bayan layi mu ƙarasa da ƙafa. Wannan ya fi dariyar mutane ci mini rai. A baki wasa nake da abin. A ciki kuwa so nake tsohon nan ya zauna a kujerata ko sau ɗaya, ya san ba a wofi 'yarsa ta kafe ba.

Ana nan sai bikin ƙanwar matata ya zo, autar Baba, a tsakiyar watan Agusta. Ango ɗan Barnawa ne, a cocinsu za a ɗaura. Fastonsu mutum ne da ba ya wasa da lokaci. Tun a zaman shiri ya faɗa cewa yana da jana'iza a ƙauye da rana, in amarya ta makara shi zai kama hanya, aure kuma sai bayan girbi. Dangi sun riga sun cika gida, an yanka awaki, an jiƙa hatsin kunu.

A zaman rabon aiki Baba ya jera motoci da bakinsa. Tasa ce ta amarya, shi da ita a baya, don a wurinmu uba ne ke raka 'yarsa har cikin coci ya miƙa ta da hannunsa. Motocin abokan aikinsa biyu kuma na ƙawaye da dattawa. Na ɗaga hannu kamar ɗan makaranta.

"Baba, ni fa?"

Ya yi ɗan tunani. "Kai, tukwane. Ka kwashi shinkafa ka kai wurin liyafa. Ka bi ta baya, kada ka shiga jerinmu, mai hoto zai zo."

Na ce, "To, Baba. Dama shinkafa ba ta rantse ba." Matata ta mintsine ni har sai da na ga taurari.

Ma'aikatan kamfanin su Baba suna da wata al'ada a biki. In an fito daga coci sai su jera motocinsu, su ɗaga bonet duka, mazan dangin ango su zo su zagaya suna dubawa. Mata na kallon rigar amarya, maza na kallon inji. Gidan da injinsa ya fi tsabta, shi ya fi daraja a idon sababbin surukai. Saboda haka da sassafe ranar Asabar Baba ya fito da gajeren wando, da tiyo, da kananzir, da garin sabulu. Ya wanke motocin nan uku ciki da waje. Sannan ya ɗaga bonet ya shiga inji da buroshi, ya bi kowane lungu, ya sa tiyo ya ɗauraye har ƙarfe na ɗaukar ido. Ya saba yin haka da rani, rana ta busar kafin ya fito daga wanka. Mutumin fenti ne, abin da ido ke gani shi ne aikinsa. Amma ranar sama a rufe take tun asuba kamar an kifa tukunya.

Na matso na ce, "Baba, a ɗan fesa wa tawa ma."

"Ruwan nan na motoci ne," ya ce.

Na koma na goge tawa da tsumma.

Matan zumunta na cocinmu, waɗanda suka yi girkin, suka loda mini kaya. Dafa-duka a but, wata tukunyar a kujerar baya an ɗaure murfinta da zane, naman akuya a kujerar gaba, jarkar kunu a ƙasa. Mota ta zauna kamar kaza a kan ƙwai. Ina shirin tashi sai yayyafi ya soma, amarya kuma ta fito.

Ta yi kyau, ba ƙarya. Doguwar farar riga, ƙawaye na riƙe da jelarta kada ta taɓa laka, wata ta ɗaga mata lema. Mata suka ɗauki guɗa da waƙa. Baba ya sha kwat da hula. Aka shigar da ita farar motar da aka ɗaure da ribon, ya shiga gefenta, ya gyara zama, ya ɗaga wa jama'a hannu. Abokinsa da zai tuƙa ya murza makulli.

Mota ta yi tari. Ya sake, ta yi tari ta yi shiru. Ya taka totur ya sake murzawa, ta yi ta kukan nan na wahala, wur-wur-wur, ba ta kama ba. Baba ya leƙo ya ce a matso da ta biyu. Ta biyu ta amsa da muryar yayarta. Ta uku ko tarin kirki ba ta yi ba. Waƙar mata ta yi ta sirancewa har ta mutu.

Makanike na cikin 'yan biki, ya sha farar shadda. Ya nannaɗe hannu ya leƙa, ya zaro waya ɗaya, ruwa ya ɗiga. Ya riƙe ƙugu.

"Baba, wa ya yi wa motoci baftisma?"

Ya kaɗe wayar, ya ci gaba.

"Ruwa ya shiga inda wuta ke bi. Sai an kwance an busar ɗaya bayan ɗaya. Da akwai rana..." Ya ɗaga kai sama, ruwa ya faɗa masa a ido. "Zan yi. Amma fasto zai riga ni."

Samari suka ce a tura, in ta ɗan gangara za ta kama. Nan matan zumunta suka tashi kamar an taɓa gidan rina. Shugabarsu, wata dattijuwa mai muryar da ba ta buƙatar lasifika, ta tsaya a bayan motar ta buɗe hannuwa.

"Ba a tura motar amarya! Wadda aka tura ranar aurenta, turawa za a yi ta yi har ta tsufa. Ku taka ni tukuna!"

Wani ya ce to amarya ta sauka a tura babu ita. Dattijuwa ta ce ko babu ita, idon mutane ya riga ya ga ta shiga. Wani kuma ya ruga bakin titi neman tasi, ya dawo a jiƙe ya ce duk direban da ya ji an ce cikin layin Makera a ruwan nan, sai ya ƙara wuta.

Duk wannan ina zaune a motata tsakanin tukwane, ina tauna wani ɗan nama da ya faɗo da kansa. Na san in na buɗe baki, Baba zai gwammace ya goya amarya har Barnawa. Abu ɗaya na yi. Na murza makulli. Ta tashi, ƙus-ƙus-ƙus, kamar keken ɗinki. Na ɗan taka totur, ba da yawa ba, daidai yadda za a ji. Kawuna suka juyo gaba ɗaya.

Matata ce ta fara motsi, kuma ba ta nemi izinin kowa ba. Ta cire ɗankwali ta ɗaure a ƙugu, ta buɗe ƙofar baya ta ce da mata, "Ku sauke." Kafin ka ce me, tukwane na zaure. Ta kwance sabon mayafinta na anko ta shimfiɗa a kujera saboda maiƙo. Makanike ya warware ribon daga farar mota ya ɗaura a tawa, yana cewa ƙasa-ƙasa, "Yau ranarki ce, marar kirki."

Amarya ta shigo tana ƙamshin turare, mota na ƙamshin dafa-duka. Saura Baba. Yana tsaye cikin yayyafi, ruwa na bin bakin hularsa.

"Ku tafi," ya ce. "Zan biyo ku da ƙafa."

Daga Makera zuwa Barnawa, a cikin kwat, a cikin ruwa.

"Baba," in ji matata, "wa zai miƙa ta?"

"Kawunta na nan."

Amarya ta leƙo, kwalliyarta ta fara narkewa. "Baba, ni ba kawu ne ya haife ni ba. In ba ka shiga ba, ni ma sauka zan yi." Ta tura ƙofa ta fito da ƙafa ɗaya, farin takalmi na lilo a saman laka.

Na dubi fuskar tsohon. Ya kalli farar motarsa tana sheƙi kamar ranar da ta fito daga kamfani, ya kalli takalmin 'yarsa. Akwai maganganu masu yaji da na daɗe ina tanadi saboda rana irin wannan, na sha maimaita su a gaban injin saƙa inda ba mai ji. Suka taho har maƙogwaro. Na haɗiye su, da ƙyar. Na fito na zagaya cikin ruwa, na buɗe masa ƙofa, na rusuna har gwiwata ta taɓa laka.

"Baba, ban san ƙofar da ake shigar da amarya ba a cocin nan. Sai ka nuna mini."

Na san ƙofar sarai, guda ɗaya ce ma.

"Dama me ka sani," ya ce. Ya tattare kwat ya shiga.

Guɗar da aka yi, ina jin har masu gadin masaƙa sun ji ta. Wani shaƙiyyi daga baya ya ɗaga murya ya ce, "A kira fasto!" Dattijuwa ta ce, "Wurinsa za su, rufe mana baki."

Layin ranar laka ne har idon sawu, kuma akwai wani kwari kafin a hau kwalta inda manyan motoci ke nutsewa. Baba ya damƙe bayan kujerata. "A hankali! Za ka zubar da mu!" Na sa giya biyu. 'Yar motar ba ta da nauyin da za ta nutse da shi, ta yi rawa hagu, ta yi dama, ta haye kamar akuya. Muka hau kwalta.

Ta madubi ina kallonsa. Ya shafa rufi. Ya danna kujera. Ya karkata kai yana neman ƙarar da zai kama, bai samu ba. Da muka zo daidai katangar kamfaninsu sai ya zame ƙasa har hularsa kaɗai ake gani. Ni kuma na danna hon.

"Kai!"

"Akuya ce ta gitta, Baba."

"Ban ga akuya ba."

"Ta wuce."

Amarya ta fashe da dariya cikin hawaye. Can sai Baba ya yi magana, kamar da taga yake yi.

"Su wa ka ce suka ƙera ta?"

"Masaƙa, Baba."

"Hm." Muka sha kwana. "Mai fa, tana sha?"

"Lasa dai take yi."



Muka iso fasto na tsaye a ƙofar coci, jaka a hannu, yana duban agogo. Ya ga 'yar mota ruwan ƙwai da ribon, laka har gilas. Baba ya fito ya gyara kwat. Akwai ƙwayoyin shinkafa manne a bayansa, ban faɗa masa ba. Ya ba 'yarsa hannu suka shiga, fasto ya ajiye jaka.

Ni ban ga ɗaurin auren ba. Jigila na yi ta yi: ƙawaye, dattawa, matan zumunta da shugabarsu da kayan kiɗansu, sannan tukwane. Duk wanda ya taɓa kiranta Gwangwani, ranar sai da ya shiga, har yana roƙon a matsa masa.

Da aka fito ruwa ya ɗauke. Mazan dangin ango suka taru a fili kamar yadda aka saba, suna neman motocin da za a buɗe musu. Makanike bai iso da manyan motocin ba tukuna. Mota ɗaya ce mai ribon. Wani dattijo a cikinsu ya nuna ta da sanda.

"Wannan ta wa ce?"

Na buɗe baki, Baba ya riga ni.

"Ta surukina ce," ya ce. Ya faɗi sunana cikakke, har da na ubana, wanda ban san ya riƙe ba. "A masaƙa yake. Masu injinsu ne suka ƙera ta. Buɗe musu."

Na ɗaga bonet. Inji baƙi ƙirin, mai da ƙasa sun yi masa riga, ga yanar gizo a gefen batir. Baba ya runtse ido kamar an mare shi. Amma ya daure, ya gyara murya.

"Haka ake barin irinsu," ya ce. "Ba sa son ruwa."

Dattawa suka gyaɗa kai. Na hango matata can cikin mata, ta rufe baki da hannu, kafaɗunta na rawa.

Bayan biki da 'yan makonni, wata Asabar da safe, na ji ana goga ƙarfe a ƙofar gidana. Na fito na tarar da Baba da gajeren wando, da samfefa, da fentin da ya sayo a kasuwa. Ya riga ya cinye rabin ƙofar motata.

"Inji na masaƙa ne, ba ruwana," ya ce, bai ɗago ba. "Amma wannan kalar ba ta mutunci ba ce. Motar gidana ba za ta riƙa yawo haka ba."

Ya hana ni taɓa komai. Aikina riƙe masa lema da kore kaji. Ya yi mata fari irin na tasa, shafi a kan shafi, har ina ganin haƙorana a jikinta. Da ta bushe ya zagaya ta, hannuwansa a baya. Ya lanƙwasa yatsa ya ƙwanƙwasa ƙofa, ya kasa kunne.

"Har yanzu gwangwani ce," ya ce.

Sannan ya buɗe gaba ya zauna. "Kai ni Kakuri. Ka bi ta gaban kamfani."

Ya sauke gilas ya fitar da gwiwar hannu. Da muka zo ƙofar, masu gadi suka bi mu da kallo. Ya ce in rage gudu. Ya bugi jikin motar da tafin hannu ya ɗaga murya.

"Ta bi ta hannuna!"